Murɗaɗɗiyar Ƙafa da Gocewar Ƙugu a Jarirai: Yadda Ake Gano Su da Wuri

Nakasar gaɓoɓi da ake haifar jariri da ita iri-iri ce, amma ga biyu daga cikin waɗanda suka fi yawa: murɗaɗɗiyar ƙafa da gocewar ƙashin ƙugu. Dukansu suna gyaruwa idan an gano su da wuri. Jinkiri ne ke mai da su gurguntar dindindin.

Murɗaɗɗiyar ƙafa ita ce wadda tafinta ya lanƙwashe ciki ya dubi ƙasa. Tana samun kusan jariri 1 cikin 1,000 a duniya, ta fi yawa ga maza, kuma kusan rabin masu ita ƙafa biyun ne. Sikanin da ake yi wa mai ciki tsakanin mako na 18 da na 22 yana iya nuna ta.

Gocewar ƙugu kuwa ba a ganinta a ciki, sau da yawa ido ma ba ya kama ta bayan haihuwa. Sai ma'aikacin lafiya ya buɗe cinyoyin jariri a hankali, da gwajin Ortolani da na Barlow, ya ji ko kan ƙashin cinya yana fita daga gurbinsa. Ta fi samun 'ya'ya mata, 'yan fari, da jaririn da ya zo a zaune. Goyo irin namu, da ke ware cinyoyin yaro, yana taimakon ƙugu. Ɗaure ƙafafu a miƙe cikin zane shi ke da haɗari.

Maganin murɗaɗɗiyar ƙafa shi ne tsarin Ponseti, na wani likita a Jami'ar Iowa ta Amurka: ana miƙe ƙafar sannu-sannu, a sa filasta duk mako sau 5 zuwa 8, galibi a ɗan tsaga jijiyar agara, sannan yaro ya sa takalmi mai sanda, daga baya da dare kawai, har shekara 4 ko 5. Fiye da kashi 90 cikin 100 suna gyaruwa ba tare da babbar tiyata ba.

Mazauna cikin birnin Kano ba su yi nisa da magani ba: ga Asibitin Murtala, ga na yara na Hasiya Bayero, ga Asibitin Ƙashi na Dala da aka kafa a 1959. Matsalar ita ce haihuwa a gida. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna ƙasa da haihuwa ɗaya cikin biyar ake yi a asibiti a Arewa maso Yamma. Jaririn da ungozoma ta karɓa yakan wuce suna, har arba'in, babu wanda ya gwada ƙugunsa, wani kuma a kai shi wurin mai ɗori, alhali ba karaya ba ce.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga lafiya a matakin farko. Gwajin ƙugu ba ya buƙatar na'ura, hannu ne da horo. Haƙƙin jama'a ne su tambaya ko ana yin sa a asibitin unguwarsu ranar rigakafin farko.