Nauyin Kwamfuta: Dalilai da Magani

A Karaye da Rogo, idan kwamfuta ta yi nauyi wajen buɗe fayil ɗin da ke cikinta, kada mu ɗora wa sabis laifi, domin wannan aiki ba ya buƙatar intanet. Galibi ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, ko ma'ajiya ta cika, ko filashi ya kwaso bairos a shagon buga takardu. Mu fara kwafe takardun ofis da na filaye, sannan mu kakkaɓe ƙura, mu rage tarkace, mu binciki filashi.

Idan kuwa shafukan intanet kaɗai ke jinkiri, mu rufe waɗanda ba mu buƙata, mu gwada sabis a wani wuri. Kamfanin Microsoft ya janye Internet Explorer a 2022, don haka mu koma Edge, Chrome ko Firefox.