Yankan princess na daimon

Yankan princess wani salo ne na sassaƙa dutsen daimon, wanda ake kira lu'ulu'u. Idan aka dube shi ta sama murabba'i ne mai kusurwa huɗu masu tsini, ta gefe kuma kamar dala ne da aka kifa. Bayan yankan da'ira, yana cikin waɗanda aka fi sawa a zoben aure.

Tarihi

A 1961 wani mai sassaƙa a Landan, Arpad Nagy, ya ƙirƙiro wani yanka da aka fara kira da wannan suna. A 1971 Basil Watermeyer na Afirka ta Kudu ya fito da yankan Barion. Siffar da aka sani yau ta bayyana ne wajajen 1980 a hannun Betzalel Ambar da Israel Itzkowitz.

Masu sassaƙa na son sa saboda ba ya ɓarnar dutse. Ɗanyen daimon yakan zo kamar dala biyu da aka haɗa ta gindi, sai a raba shi a fitar da princess biyu. Yankan da'ira kan cinye kusan rabin dutsen, shi ya sa princess ya fi araha idan nauyinsu ɗaya.

Gane kyakkyawan yanka a intanet

Mai saye ta intanet ba ya riƙe dutsen a hannu, don haka takardar shaida ce idonsa. Sai dai akwai giɓi. Cibiyar GIA ta Amurka tana ba yankan da'ira maki a kan ingancin yanka, amma a princess laushin gogewa da daidaiton fuskoki kawai take aunawa. Ɗakin gwaji na AGS da ke ba shi cikakken maki ya rufe a ƙarshen 2022. Idan shago ya rubuta cewa yankan ya kai matuƙa, sau da yawa hukuncin shagon ne da kansa.

Abin da ya rage shi ne alƙaluman takardar. A raba tsawo da faɗi. Idan amsar ta wuce 1.05, ido zai ga dutsen ya karkata daga murabba'i. 'Yan kasuwa da dama na neman zurfin da ke tsakanin kashi 68 zuwa 75 cikin ɗari, kuma shimfiɗaɗɗiyar fuskar sama kada ta fi zurfin girma. Dutsen da ya cika zurfi yana ɓoye nauyinsa a ƙasa, mai saye ya biya kuɗin abin da ba a gani. Amma alƙaluma ba sa nuna walƙiya. Sai da bidiyon ainihin dutsen yana juyawa, domin wasu shaguna hoto guda suke liƙa wa duwatsu da yawa. Duhu mai faɗi a tsakiya alama ce haske na zurarewa ta ƙasa.

Kusurwa ita ce raunin princess. Daimon ya fi kowane ma'adini tauri, yana mataki na 10 a ma'aunin Mohs, amma yana ɓallewa idan ya bugu a tsini. Dutsen da ke da tabo ko tsaga kusa da kusurwa abin gudu ne, kuma zoben ya kamata ya rufe kusurwoyin huɗu da marikai masu siffar V. Launin rawaya ma a kusurwa ya fi fitowa.

Yawanci ana zana lambar takardar a ƙugun dutsen da hasken leza, ana kuma iya bincika ta a shafin cibiyar da ta bayar. Takardar ce ke faɗin ko daga ƙasa aka haƙo shi ko a masana'anta aka yi shi, kuma farashinsu ya yi nisa da juna.

A yammacin Zamfara

Abin da ake haƙa a Anka da Bukkuyum, kamar a Bagega da 'Yargalma, zinariya ce, kuma mutanen yankin har zuwa Gummi sun saba da cinikinta a giram. Wannan sanin ba ya aiki a daimon, har kalmar karat kan rikita mai saye. A zinariya tsabta take nufi, 24 ce zalla. A daimon kuwa nauyi ne, karat ɗaya giram 0.2. Zinariya mai 21 da mata ke so a kayan lefe tana da taushi, marikanta na iya lanƙwashewa su bar kusurwa a buɗe. Saboda haka maƙera suka fi ɗora princess a kan mai 18 ko 14, ko kuma a kan filatinam.