Ina Littafi Na Uku? Tarihin Takardar Da Aka Raina



Duk wanda ya taɓa fita cigiyar tsofaffin littattafanmu na shekarun 1990 ya san wani ciwon kai guda. Za ka samu na ɗaya a adakar yayarka. Na biyu wataƙila yana wurin tsohon mai shagon haya, wanda yanzu ya koma cajin waya. Amma na uku, sai ka gaji da tambaya. Labari ya tsaya maka daidai inda Alhaji ya turo magabatansa, ba ka san ko an ɗaura auren ba. Wannan ɓata yana da dalili. Kafin mu zo kansa, ina so mu leƙa Amurka, inda irin haka ta faru da wata takarda da ta fi littafinmu ƙanƙanta, don su sun riga mu ganin inda abin yake ƙarewa.

Suna da wani wasa da suke kira besbol, na jifan ƙwallo da dukanta da sanda. Tun shekarun 1880 kamfanonin taba sigari suka fara cusa ɗan kati mai hoton ɗan wasa a cikin kwalin taba, ya zama talla, ya kuma tallafe kwalin kada karan tabar ya karye. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya fitar da katuna sama da 500, cikinsu har da na wani ɗan wasa, Honus Wagner. Ba a daɗe ba aka dakatar da buga nasa. Wasu suka ce ba ya so yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu suka ce a kan kuɗi aka ɓata. Ko ma mene ne, 'yan kaɗan suka fita, kuma a 2022 an sayar da guda ɗaya a kan dala miliyan 7.25.

Daga taba aka koma cingam, wato daga manya aka koma yara. A 1952 kamfanin Topps ya fitar da katuna 407, kashi-kashi, ana sayar da ƙunshi a kan santi 5 tare da cingam a ciki. Kashin ƙarshe ya fito a makare, kakar wasa ta kusa ƙarewa, hankalin yara ya koma wani wuri. Kaya suka yi kwantai a sito shekara da shekaru. Sy Berger, mutumin da ya tsara katunan, ya sha ba da labarin cewa wajejen 1960 ya sa aka loda ragowar a jirgin ruwan kwasar shara aka juye su a Tekun Atilantika. A wannan kashin na ƙarshe ne katin Mickey Mantle yake, mai lamba 311. A watan Agusta na 2022 an yi gwanjon guda a kan dala miliyan 12.6. Waɗanda suka isa hannun yara kuwa, an maƙala su a wayoyin ƙafar keke don su riƙa ƙara, kamar yadda mu ma muka yi da kwali, sauran iyaye mata suka share suka zubar.

Shi ya sa yau buɗe tsohon ƙunshi ya zama abin kallo. Mai tara kati zai biya kuɗi masu yawa a kan ƙunshin da ba a taɓa ɓarewa ba, bayan masana sun duba liƙinsa don kada a ce an buɗe an tsame na kirki an sake mannewa. Daga nan sai ya shiga tsaka-mai-wuya. In ya bar shi a rufe, darajarsa tana nan. In ya ɓare, mai yiwuwa ya tarar da 'yan wasan da ba wanda ya tuna da su, cingam ɗin ya bushe ya ɓata katin da yake jikinsa. A 2018, a wani taron masu tara kati a birnin Cleveland, an ɓare ƙunshin kamfanin Bowman na 1955 a gaban jama'a, sai ga Mantle tsaf bayan shekara 63 a rufe. Irin wannan dacen ake ta yayatawa. Na waɗanda suka ɓare suka tashi a tutar babu, ba a cika jin sa ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, da labari ya bazu cewa kati dukiya ne, kowa ya saya ya adana, kamfanoni kuma suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Yawancin katunan wancan lokaci yau ko kuɗin kwalinsu ba su kai ba. Wanda aka lallaɓa ya yi arha, wanda aka wulaƙanta ya yi tsada.

To, a daidai waɗannan shekarun da Amurkawa suke cika sito da kati, mu a nan muna buga abin da ba wanda ya yi tunanin ajiyewa.

Littattafan gasar 1933 ta Zariya, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ba su cikin haɗari. Hukuma ta haife su, makaranta ta rene su, kamfanin NNPC ya yi ta sake buga su. Amma da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka janye jiki daga ƙirƙirarren labari, sai marubuta suka shiga buga wa kansu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka kafu. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, ba kuma don yabo ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya masa a shafukan jaridu, aka yi ta fafatawa.

Ku dubi jikin littafin kansa. Takardar jarida ce marar ƙwari, an naɗe an ɗinke da waya a tsakiya, an kasa labari gida biyu ko uku ko fiye. Kasawar nan lissafin aljihu ce: da cinikin na ɗaya ake buga na biyu. Idan kasuwa ta ja baya, ko kuɗi suka maƙale a hannun dillali, sai a rage adadin na gaba, wani lokaci ma ba zai taɓa fitowa ba. Kashin ƙarshe namu ke nan, ɗan'uwan na Topps. Bambancin kawai, namu ba ya buƙatar teku.

A gari irin Ɗanbatta, littafi yakan taso daga hannun dillalan Kano, ya biyo hanyar Daura, ya sauka a tebur ranar Lahadi da kasuwa take ci, ko ya shiga shagon haya. Kwafi guda sai ya zaga gida ashirin. Ƙanne ne 'yan aike tsakanin shago da matan da ke cikin gida. Bango yakan fara fita, sai shafin ƙarshe, wanda shi ne ke ɗauke da tallar littafi na gaba. Abin da ya tsira daga hannu, gara tana jiran sa a ɗakin ƙasa, ko yoyon damina, ko mai ƙosai. Akwai kuma wuta: a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano. Ko me mutum yake gani game da dalilin, a fuskar tarihi kwafi ne suka ragu.

Abin takaici, wanda ya tsaya ya tara da gaske, daga nesa ya zo. Graham Furniss na makarantar SOAS a Landan, tare da Malami Buba da William Burgess, sun fitar da jerin littattafan da aka buga daga 1987 zuwa 2002, sama da 700, aka wallafa shi a Jamus a 2004. Alhaki Kuykuyo Ne kuma, kamfanin Blaft na Indiya ne ya buga fassararsa ta Ingilishi a 2012, wadda Aliyu Kamal ya yi. Ɗalibi a Landan ya fi ɗan Ɗanbatta damar ganin bangon littafin da mahaifiyar ɗan Ɗanbattan ta karanta a ɓoye.

A nan hanyarmu ta rabu da ta masu kati. Su suna biyan kuɗi don abin da hannu bai taɓa ba. Ni kuwa, da a ajiye mini sabon ɗauri da ba a kwance ba da kuma kwafin haya da ya sha hannu, na hayar zan fara ɗauka. A jikinsa za ka ga hatimin shago, da farashin da aka soke aka sake rubutawa, da inda wata ta ja layi a ƙarƙashin wasiƙar saurayi don ta kwafa. Da yawa daga littattafan nan ba su ɗauke da shekarar bugu, shi ya sa har yau ake saɓani a kan wane ya riga wane. Sau da yawa kwanan watan da mai saye ya rubuta da biro a shafin farko shi ne kaɗai shaidar da ta rage.

Mu da muke rubutu a WhatsApp da Wattpad, namu ya fi nasu rauni. Waya ta faɗa ruwa, ko a rufe gurup, shafi na 40 zuwa 60 ya tafi, kuma ba adakar da za a je a duba.

Don haka ga roƙona. Wanda yake da tsohon littafi a gida, ko ba bango, ya ɗauki hoton gabansa da shafin farko da na ƙarshe ya ɗora a ƙarƙashin wannan rubutu, ya faɗi garin da aka same shi. In na uku ne, ya rubuta hakan da manyan baƙaƙe, akwai masu na ɗaya da na biyu a cikinmu.