Rawar Koroso da Hannun 'Yan Kallo a Cikinta

Rawar Koroso ba tsohuwar rawa ba ce kamar yadda wasu suke zato. An tsara ta ne a Jihar Kano cikin shekarun 1970, lokacin da masarautar Haɗejiya take cikin wannan jiha, wato kafin a kafa Jihar Jigawa a 1991. Ta samo sunanta daga kacau-kacau ɗin da masu rawar suke ɗaurawa a ƙafa. Waɗanda suka tsara ta sun gauraya takun Hausawa da na Fulani, suka haɗa mai sarewa da makaɗa da masu rawa bibbiyu.

Irin wannan haɗin gwiwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Haɗejiya, inda manoma da masunta da makiyaya suke cuɗanya a fadamun kogi. A dandali, bayan kaka, makaɗi yana duban ƙafar mai rawa, mai rawa kuma yana bin ganga. Takun da ya jawo guɗa da liƙi shi ake maimaitawa washegari, wanda kuwa jama'a suka yi wa shiru sai a watsar da shi. Ke nan 'yan kallo ma suna cikin masu tsara rawa.

Don haka, malamin da yake shirya ɗalibai domin bikin al'adu ya kamata ya gayyaci makaɗan gari, ya kuma gwada rawar a gaban dattawa da iyaye mata. Inda suka gyara zama, nan ne rawar ta kama.