Tarihin Tumatirin da Ke Ciyar da Abuja

Duk wanda ya isa kasuwar Dei-Dei da jijjifi a cikin watan Fabrairu, sa'ad da manyan motoci ke sauke kwanduna, 'yan dako na kai da kawowa, dillalai kuma na yaye ciyawar da aka rufe bakin kwando da ita don mai saye ya ga abin da ke ƙasa, zai yi tsammanin wannan sana'a tun kaka da kakanni take, alhali kuwa ita da birnin da take ciyarwa sa'annin juna ne. A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a jihar Kano, a ranar 3 ga Fabrairu 1976 kuma gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zartar da dokar kafa sabon babban birnin tarayya.

Shi tumatir baƙo ne a ƙasar Hausa. Asalinsa daga duwatsun Andis na Amurka ta Kudu yake, mutanen Meziko suka mai da shi abin nomawa, Sifaniyawa suka ƙetare teku da shi a ƙarni na 16, har wani likitan Italiya mai suna Mattioli ya siffanta shi a littafinsa a 1544. Miyar kakanninmu kuwa a kan kuka da kuɓewa da karkashi da daddawa ta dogara, kuma ko bayan da baƙon ya samu shiga, bai wuce 'yan komai kaɗan a gefen albasa ba, a lambunan fadama irin na bakin rafin Jakara a Kano, inda mai lambu zai wuni yana sunkuyar da jigo yana ɗagowa, guga bayan guga, domin ya shayar da filin da bai kai rabin kadada ba. A ƙasar da Abuja take a yau, kusa da inda Abu Ja ya kafa garinsa a 1828 a wurin da ake kira Suleja yanzu, ƙarfin noman Gbagyi a kan doya da dawa yake.

Ruwan Tiga, wanda aka tare a zamanin Gwamna Audu Bako, shi ya sauya al'amarin ɗungurungum. Da aka haƙa magudanai aka tsara shayar da kadada 22,000 a kashin farko na aikin, sai manoman Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda a da in an gama kaka sai zaman jira ko tafiya cin rani, suka samu damina ta biyu a tsakiyar hunturu. Alkama hukuma ta fi so su shuka, amma manomi ya lura da abin da ke kawo kuɗi a hannu, ya karkata ga tumatir, musamman irin nan mai tsawo da kaurin fata kamar Roma da wanda ake kira UTC, saboda yana jure wahalar hanya. Kwanar Gafan, a kan titin Kano zuwa Zariya, ta zama mahaɗar fatake. Da gwamnati ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991, jama'a suka yi ta kwarara Abuja, sai ga sabuwar kasuwa mai faɗi a nisan kimanin kilomita 400, wadda mota ke iya kaiwa a dare guda.

To, a nan akwai mas'alar da ta cancanci a tsaya a kanta, gama ita ce mabuɗin tarihin duka: me ya sa sana'ar ta kafu a kan hunturu, har farashi ke faɗuwa warwas daga Janairu zuwa Maris, sa'an nan ya tashi ya gagari talaka da zarar bazara ta kama? Manomi zai ce maka tumatir ba ya son zafi, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da masana suka ƙara shi ne bayanin sababi. Allah cikin hikimarsa ya sanya wa tsiro waɗansu sinadarai 'yan ƙalilan masu kai saƙo daga saiwa zuwa ganye, daga fure zuwa ɗa, kuma da umarninsu yake buɗewa da rufewa, yake girma, yake nuna. A bayan kowane ganye akwai ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ta nan iskar kabon ke shiga, koren ganye ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya ƙera sukarin da zai cika 'ya'ya. Idan ƙasa ta bushe, rana ta take, sai sinadarin da ake kira absisik ya yawaita, ya ba ƙofofin umarnin rufewa don kada ruwa ya tsere. A jikin tumatir ɗin kansa aka samu ɗaya daga cikin manyan hujjojin wannan, domin a 1970 Imber da Tal sun nuna cewa wani nau'in tumatir mai yawan yaushi, wanda ƙofofinsa ba sa rufuwa, yana miƙewa garau in an fesa masa wannan sinadari.

Sai dai rufe ƙofa na da nasa tsadar. Iska ta daina shiga, haske kuwa bai daina sauka ba, sai ƙarfin da ba a samu inda za a sarrafa shi ba ya haifar da gurɓatattun ƙwayoyin iskar oksijin masu ƙona ganye daga ciki, dole tsiron ya karkatar da abin da ya tara wajen ƙera sinadaran kariya, irin su bitamin C, don ya daidaita mizani. Muddin kariyar ta rinjayi ɓarnar, gona na nan kore shar; in zafi ya tsananta ya rinjaye ta, sai ganye ya ƙone, garin fure ya mutu, furen ya kakkaɓe ba tare da ya ƙulla ɗa ba, domin saƙon wani sinadari mai suna oksin da ke cewa a ƙulla daga ƙwayar da ta samu barbara yake fitowa. Hatta jan launin da mai saye ke nema, wato likofin, wanda shi ma sinadarin kariya ne, samuwarsa na raguwa in zafi ya haura digiri 30, shi ya sa tumatirin ƙarshen rani kan fito fatsi-fatsi, kafaɗarsa rawaya. Sanyin dare da hasken rana na hunturun Kano su ne jarin wannan sana'a na haƙiƙa, kafin taki, kafin mota.

Idan an tsinke kuma, sai hukunci ya koma hannun wani sinadarin, wato etilin, wanda shi iska ne. Wani ɗalibi Barashe, Neljubow, ya gano a 1901 cewa iskar etilin da ke cikin gas ɗin fitilu ce ke karkatar da tsiron wake a ɗakin bincikensu, a 1934 kuma Gane ya tabbatar a Ingila cewa 'ya'yan itace da kansu suke fitar da ita. Ita ke narkar da kore, ta fito da ja, ta tausasa tsoka. Kuma ɗan da ya ji rauni ya fi fitar da ita. Ka dubi kwandon da aka cika har ya yi tozo, aka ɗora wani a kansa, tsinken saƙarsa na huda na gefe, nauyi na matse na ƙasa, zafi na taruwa a tsakiya tun daga Zariya har Zuba: kowane fasasshe na gaggauta nunar maƙwabtansa, har kafin gari ya waye ruwa na ɗiga ta ƙasan mota. Fatake sun san haka tun ba su ji sunan etilin ba, shi ya sa suke sayen wanda ya fara ɗosawa in tafiya mai nisa ce, suke tafiyar dare, abin da ya saura kuma manomi ya yanka ya shanya ya yi kauɗa. Wannan ilmi ne na gaske, na jarrabawa, kuma ban ga dalilin da zai sa mai digiri ya raina shi ba. Abin ƙi shi ne ɗabi'ar masu nuna ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid, wanda iskarsa ke kwaikwayon etilin amma yana tafe da dafi, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa.

Shekarar 2016 ta tona raunin sana'ar. Wata tsutsa mai cin cikin ganye, ita ma 'yar Amurka ta Kudu, wadda ta shiga Sifaniya a 2006, manomanmu suka laƙaba mata Sharon, ta auka wa gonakin Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna, ta cinye koren da shi ne masaƙar abincin tsiro, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Masana'antar Ɗangote ta Kadawa, da aka buɗe a watan Maris na shekarar don sarrafa tan 1,200 a kullum, ta tsaya cik don rashin abin niƙawa, matan Abuja kuwa suka koma ga na gwangwani da kauɗa.

Cibiyar binciken noma ta Samaru da ke Zariya tana nan tun 1922, tana kuma da tasha a Kadawa. Ina roƙon hukumomin da ke zaune a Abuja, waɗanda tukunyarsu ke jiran motar Kwanar Gafan kowace safiya, su ba ta abin da za ta fitar da iri mai jure zafin bazara, su taimaki fatake su musanya kwando da akwatin roba mai shan iska, su kuma kafa rumfuna masu inuwa da sanyi a Dei-Dei da Zuba.