Akwatin Ungozoma Da Hanyar Madani

Cikin tambayoyin da masu sauraro ke aiko mini a shirin da nake gabatarwa kan harkokin iyali, akwai wadda ba a yin wata guda ba ta dawo ba: iyalina ta kusa sauka, wane asibiti zan kai ta? Mai tambaya so yake in kama sunan wuri guda ya huta. Aikin likita ba nawa ba ne, jarida na karanta. Abin da zan iya shi ne in bi sawun yadda haihuwa ta kasance a garuruwanmu na Hausawan Jazira shekara ɗari da wani abu, don a ganina amsar tana cikin wannan tarihi.

Ga 'yan uwa na Kano da Maraɗi da ba su san yankin ba, Wad Haddad gari ne a kudancin jihar Jazira ta Sudan, kan titin da ya haɗa Wad Madani da Sinnar, kusa da kogin Shuɗin Nilu. Hausawa sun daɗe suna ratsa wannan ƙasa a ƙafa kan hanyarsu ta zuwa Makka, wasu guzuri ya ƙare musu suka tsaya noma, zama ya miƙe. Babban ayari ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a gabas, wajen 1906 suka sauka bakin Shuɗin Nilu, suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar kaɗan. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, sai buƙatar ma'aikata ta ƙara jawo mutanen yamma. Wasu suka samu gonar haya da ake kira hawasha, da yawa kuwa suka zauna a zangon leburori a gefen magudanan ruwa, wanda ake ce wa kambo, jam'insa kanabi.

Waɗannan mutane sun zo da al'adarsu ta haihuwa kamar yadda suka baro ta a ƙasar Hausa. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Kunya ta hana ta faɗin cewa naƙuda ta taso, kuka kuwa abin gori ne har tsufa. Takan durƙusa a ɗaki ita kaɗai ko da wata tsohuwa a kusa, sai jariri ya faɗo a aika kiran ungozoma ta zo ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wa yaro wanka. Daga nan sai wankan jego da tafasasshen ruwa, da kunun kanwa, har arba'in.

Maƙwabtanmu Larabawan bakin kogi tasu hanyar daban ce. Igiya ake ɗaurawa a rufin ɗaki, mai naƙuda ta riƙe ta, ungozoma tana tsugune a gabanta. Ungozoma a Larabcin Sudan sunanta daya, jam'i dayat, ita kuwa wannan ana ce mata dayat al-habl, wato ungozomar igiya. A wurinsu dole ta kasance tun farkon naƙuda, domin kaciyar fir'auna da ake yi wa 'yan mata tana ɗinke gaban mace, sai an tsaga kafin yaro ya samu hanya. Hausawa ba su taho da wannan kaciya daga gida ba, kuma rahama ce babba. Sai dai ta bar mu da wata ɗabi'a: a wurinmu ungozoma mai zuwa ce bayan an gama. Wannan ɗabi'a ta kiran taimako a ƙarshe ita ce muka ɗauka muka kai har ƙofar asibiti.

Canji ya faro daga Omdurman. A 1921 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe makarantar horar da ungozomomi ƙarƙashin wata Baturiyar Ingila mai suna Mabel Wolff, wadda ta yi aiki a Masar kuma tana jin Larabci. Daga baya 'yar uwarta Gertrude ta zo suka haɗu, suka riƙe makarantar har 1937. Dabararsu ita ce, maimakon su kori ungozomomin igiya, sai suka jawo su cikin aji. Galibin ɗaliban ba su iya karatu da rubutu ba, don haka aka koya musu gane magani ta kamanninsa da warinsa da ɗanɗanonsa. Aka koya musu wanke hannu, da dafa almakashi, da kwantar da mai naƙuda maimakon rataye ta a igiya. Wadda ta gama horon 'yan watanni sai a ba ta lasisi da akwatin ƙarfe mai ɗauke da kayan aiki, ta koma garinsu. Cikin matan Sudan da suka fito daga wannan makaranta har suka zama malamai a cikinta akwai Sitt Batul Muhammad Isa, wadda aka san ta da hawan keke tana zaga gidaje a zamanin da ganin mace a kan keke abin kallo ne.

Ni abin da na fi ɗauka da muhimmanci a wannan makaranta ba almakashin ba ne. An koya wa mai akwati ta san iyakarta. Idan yaro ya zo a gicciye, ko jini ya ɓalle, ko naƙuda ta kwana ta wuni, aikinta ta ce a ɗauki mace a kai ta wurin likita. A karon farko aka samu mutum a cikin ƙauye, mace kamar sauran mata, mai shiga har ƙuryar ɗaki, wadda maganarta ke haɗa ɗakin haihuwa da asibiti.

Ba a tafi sumul ba. A 1946 gwamnati ta kafa dokar hana kaciyar fir'auna, kuma a wannan shekara aka tsare wata mata a Rufa'a, nan cikin yankinmu a gabashin kogi, bisa laifin kaciyar yarinya. Mutanen gari suka yi bore ƙarƙashin Mahmud Muhammad Taha suka nemi a sake ta, shi kuma ya sha ɗauri. Dokar tana da manufa mai kyau, amma ta zo daga bakin mai mulkin mallaka, sai mutane suka karɓe ta a matsayin shisshigi cikin sha'anin gidajensu. Sai a 2020 aka sanya haramcin kaciyar mata cikin dokar laifuka ta ƙasa baki ɗaya. Darasin Rufa'a shi ne, a sha'anin haihuwa umarni daga sama ba ya kai inda amana ke kaiwa.

Bayan samun 'yancin kai a 1956 gine-gine suka ƙaru. A 1957 aka buɗe asibitin haihuwa na Omdurman, wanda jama'a ke kira Dayat, ya zama mafi girma irinsa a ƙasar. Mu kuwa namu babban wurin shi ne asibitin haihuwa na Wad Madani, sai asibitin Sinnar ga na kudu, da ƙananan asibitocin karkara a tsakani. Jami'ar Jazira da aka kafa a 1975 ta ɗora koyar da likitanci kan tura ɗalibai ƙauyuka su zauna da mutane. A 2005 ta ƙaddamar da shirin kare lafiyar uwa da jariri, kuma ginshiƙinsa shi ne sake horar da ungozomomin ƙauye da neman a ɗauke su aiki da albashi, tare da gyara asibitocin karkara. Wato bayan shekara tamanin da huɗu, farfesoshi sun dawo kan dabarar akwati. A 2008 kuma gwamnati ta shelanta cewa tiyatar cire jariri kyauta ce, ko da yake duk wanda ya taɓa jinya ya san kuɗin mota da na magani da neman jini suna nan a wuyan mai gida.

To, tun da asibitoci sun samu, me ya sa mata ba su daina mutuwa ba? Amsa mafi ƙarfi da na sani ta fito ne daga ƙasar kakanninmu. A Zariya, Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a ƙarshen shekarun 1970, ya buga sakamakon a 1985. Ya gano cewa mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda aka kawo bayan abu ya lalace. Asibiti guda, likitoci guda, amma wadda ta zo da katin awo da wadda aka kawo ranga-ranga ba su fita da sakamako iri guda ba. A Zariyar dai likitoci suka lura da ciwon zuciya mai kama masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da kwanciya kan gadon wuta. A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka tsara abin cikin jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa.

Ɗora wannan ma'auni kan garuruwanmu ka gani. Jinkiri na farko kunya ce ke haifar da shi, da jiran mai gida ya dawo daga gona ya ba da izini. Na biyu kuwa ƙasar Jazira ce da kanta. Baƙar laka ce mai kyau ga auduga, amma da ruwan damina ya sauka daga Yuli zuwa Satumba, mota ba ta iya barin kwalta. Macen da ke kambo a bayan magudanar ruwa sai a amalanken jaki ko tarakta za a fito da ita titi. Masana sun ce zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu. Ga kuma sauro da ruwan ban-ruwa ke tarawa, zazzaɓin cizon sauro yana cinye jinin mai ciki tun kafin ranar ta zo. Kanabi da yawa ba a lissafa su cikin ƙauyukan da aka tsara ba, don haka rabonsu na ɗakin shan magani da ungozoma mai lasisi ya kasance kaɗan.

Akwai wani dalili da ya sa wurin haihuwa ke da nauyi na musamman gare mu, wato takarda. Dokokin zama ɗan ƙasa na 1948 da 1957 sun ɗora asali kan zaman kakanni a Sudan kafin 1898. Wannan ya bar jikokin mutanen Burmi da leburorin auduga cikin wahalar tabbatar da cewa nan ne gidansu, alhali nan aka binne cibiyarsu. Yaron da aka haifa a asibiti ko a hannun ungozoma mai lasisi yana samun shaidar da za a kai a fitar masa da takardar haihuwa. Uban da ya raina wannan, ɗansa ne zai biya ranar shiga makaranta ko neman lambar ɗan ƙasa.

Sannan sai wuta ta tashi. A Yulin 2022 rikicin jihar Shuɗin Nilu ya kori dubban Hausawa daga wajen Damazin da Rusairis, da yawa suka yo arewa. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, asibitin Dayat ya rufe, marasa lafiya da likitoci suka kwararo Madani. A Disambar 2023 Madani ma ta faɗa hannun dakarun RSF, ba ta koma hannun soja ba sai 11 ga Janairu 2025. Singa ta faɗi a tsakiyar 2024. A tsawon wannan lokaci titin da muka dogara da shi ya cika da shingaye, asibitoci da yawa aka wawashe su ko suka tsaya. Ciki kuwa ba ya jiran sulhu. Waɗanda suka karɓi haihuwa a ƙauyuka da makarantun da 'yan gudun hijira suka cika su ne masu akwati, da fitilar waya da ɗan abin da ya rage musu. Ginin da aka yi shekaru ana tinƙaho da shi ya tsaya cikin kwana guda, ilimin da aka zuba a kan matan ƙauye shi ya yi gudun hijira tare da jama'a.

Saboda haka ga amsata ga mai tambaya. Zaɓen asibiti ana yin sa ne tun ciki yana wata uku ko huɗu, kuma da ungozomar unguwarku ake farawa. A je awo, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar ganawa takwas kafin haihuwa. A nan za a gane hawan jini da ƙarancin jini da kwanciyar yaro. Sannan ka taka da ƙafarka zuwa asibitin da kake tunani, ka tambaya: ana tiyata da dare? Akwai jini, ko sai an zo da mai bayarwa? Akwai wuta da ruwa? Ƙaramin asibiti na kusa da ke amsa waɗannan ya fi mai babban suna da ke bayan laka. Idan lissafi ya nuna haihuwa za ta faɗo a damina, ko cikin fari ne na yarinya ƙarama, ko an taɓa yi mata tiyata, a kai ta gidan 'yan uwa kusa da asibiti tun da sauran makonni. Goyon ciki ai al'adarmu ce, sai dai a zaɓi gidan da ke bakin kwalta. A san mai motar da za a kira, a san ɗan uwan da zai ba da jini, a ajiye ɗan kuɗi.

Kai kuma mai gida, ka ba da izininka tun yau a gaban mahaifiyarka da ungozoma, cewa ko ba ka nan, in an ga jini, ko jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da kumburi, ko naƙuda ta wuce wuni guda, a tafi kawai. Iyaye mata, ku gaya wa 'ya'yanku cewa faɗin ciwo ba rashin kunya ba ne. Masu hannu da shuni da ƙungiyoyinmu da ke maganar sake gina yankin, kafin a kai ga harsashin sabon bene, a duba ko kowane kambo yana da yarinyar da aka tura makarantar ungozoma, da akwati cike da kaya, da abin hawa da zai kai titi.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan gwiwa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.