Tarihin Kafuwar Makarantar Shehu a Ƙauyen Degel

Mutanen da suka kafa makarantar Degel Fulani ne Torankawa, zuriyar Musa Jakollo, wanda ya taso da danginsa daga Futa Toro, ya yi ta tafiya gabas har Allah Ya saukar da shi a ƙasar Konni, inda zuriyarsa suka zauna shekaru masu yawa suna karatu, suna karantarwa, suna aurar da 'ya'yansu a tsakaninsu, har ya zamanto da wuya ka sami gida guda a cikinsu wanda babu malami a ciki. Daga Konni wani reshe nasu ya koma Maratta, wadda take cikin Jamhuriyar Nijar a yau, kuma a nan aka haifi Shehu Usmanu ɗan Muhammadu Fodiyo a shekarar 1168 ta Hijira, wato 1754 ta Miladiyya. Yana ƙarami mahaifinsa ya ɗauki iyalinsa ya koma Degel, ƙauye a cikin ƙasar Gobir, nesa da Alƙalawa inda fadar sarki take, kuma wannan nisa, wanda mai neman duniya zai ɗauka hasara ce, shi ne ya ba makarantar sararin da ta yi girma a cikinsa.

Wanda ya duba sunayen malaman Shehu, kamar yadda ƙanensa Abdullahi ya jera su a littafinsa Ida'un Nusukhi, zai ga cewa yawancinsu 'yan'uwansa ne na jini. Alƙur'ani wajen mahaifinsa ya karanta shi. Mukhtasar na Halilu ya karanta wajen Usmanu Binduri, ɗan'uwan iyayensa, wanda ya lazimta har kusan shekara biyu, ya ɗauki ɗabi'unsa na tsentseni da umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Sahihul Buhari kuwa ya ji shi daga Muhammadu ɗan Raji, shi ma daga cikin dangi. Babban malaminsa da ba na gida ba shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya bi har Agadas, amma da Jibrilu ya yi niyyar wucewa aikin Hajji sai ya mai da almajirinsa gida, domin mahaifinsa bai yi masa izinin tafiyar ba. A ganina babu abin da ya fi wannan labari nuna irin gidan da muke magana a kai, gidan da saurayi mai ƙishin ilimi, ga hanyar Makka a buɗe gabansa, zai juya ya koma ƙauye saboda ba a nemi yardar uba ba. Haka kuma da Abdullahi ya kai shekara 13, mahaifinsu ya danƙa shi ga wansa ya ci gaba da karantar da shi, ilimi ya ci gaba da gudana a cikin gida kamar yadda aka gada.

Shehu ya fara wa'azi yana ɗan shekara 20, wajen 1774, ya fara da mutanen Degel, sa'an nan ya fita zuwa Kabi, daga baya ya shiga Zamfara ya yi wajen shekara 5 yana kiran jama'a da Fulatanci da Hausa, a cikin zance da waƙa, domin ya san manomi da makiyayi ba za su buɗe littafin Larabci ba. A can ne wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya zarge shi da barin mata su halarci majalisinsa, Abdullahi ya mayar masa da jawabi a waƙe, ma'anarsa ita ce barin mata cikin jahilci ya fi zuwansu wurin wa'azi muni.

Abin da ya tabbatar da matsayin makarantar ya faru ne a Magami wajen 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Babbar Salla ya raba musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma kada a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Malamin da ya ci abincin fada ba ya iya ɗaga murya a gaban mai fada, wannan kuwa mutanen Gobir sun san shi sarai, saboda haka tun daga ranar nan suka san wane malami ne za su kai wa kukansu.

Bayan shekarun yawo, Shehu ya dawo ya zauna a Degel wajen 1793, kuma shekaru goman da suka biyo baya su ne zamanin cikar makarantar. Gidaje suka ƙaru kewaye da gidansa da masallaci, gidan Abdullahi, da na amininsa Umaru Alkammu, da na sauran 'yan'uwa da almajirai waɗanda suka zo da iyalansu suka yi maƙwabtaka, Fulani da Hausawa da Buzaye. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya tashi a cikin wannan zama, ya siffanta shi a Infaƙul Maisuri: yadda Shehu yake fita bayan sallar La'asar ya karantar da tafsiri da hadisi da fiƙihu da tasawwufi, yadda yake wa'azi ga jama'a a daren Juma'a, da yadda yake fuskantar mutane da sakin fuska da haƙuri, ko da sun matsa masa da tambaya. Ana kwafar littattafai da hannu, almajiri ya kwafa ya kai garinsu, wani ya kwafa daga nasa, ta haka abin da aka rubuta a ƙauye ɗaya ya kai Katsina da Kano da Zazzau da ƙasashen Barno. A wannan zamani ne Shehu ya wallafa Ihya'us Sunna. An ruwaito kuma cewa yakan tufka igiya da hannunsa domin ya ci daga guminsa. Matan gidan suna karatu kamar mazan, kuma a cikinsu aka haifi Nana Asma'u wajen 1793, wadda daga baya ta shirya 'Yan Taru, masu kai ilimi ga matan ƙauyuka.

Almajiran da suka sami ijaza suka koma garuruwansu suka buɗe makarantu, suna aiko da wasiƙu da tambayoyi, suna zuwa ziyara, har aka daina kiran mutanen Shehu da sunan wata ƙabila, aka koma kiransu Jama'a. Fadar Alƙalawa ta ga haka ta tsorata. Sarki Nafata ya yi shela cewa kada wani ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, maza su tuɓe rawani, mata su bar lulluɓi. Da Yunfa ya hau gadon sarauta bayansa, al'amari ya ƙara tsanani, har rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran Shehu, ta kama mutane, ta biyo da su ta kusa da Degel, mutanen Degel suka kwance su.

Sai Yunfa ya aika wa Shehu cewa ya ɗauki iyalinsa ya fita daga cikin mutanen nan ya bar su. Da an kawo wannan saƙo shekara talatin kafin haka, da bai zama wani abu ba, domin a lokacin makarantar da iyalin abu ɗaya ne. Amma yanzu waɗanda ake cewa ya bari su ne maƙwabtansa da surukansa da almajiran da suka bar garuruwansu dominsa. Shehu ya amsa cewa ba zai rabu da Jama'arsa ba, sai dai ya bar wa sarki ƙasarsa. A ranar 10 ga Zulƙida 1218, wato 21 ga Fabrairu 1804, suka tashi zuwa Gudu, Buzaye irin su Agali suka taimaka da raƙuma wajen ɗaukar littattafai da raunana. A Gudu aka yi masa mubaya'a, a watan Yuni aka gwabza da rundunar Gobir a Tafkin Kwatto, Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Shehu bai sake zama a Degel ba. Ya zauna a Gwandu, ya koma Sifawa ya ci gaba da karantarwa, sa'an nan ya koma Sakkwato a 1815, inda Allah Ya yi masa rasuwa a 1817, Allah Ya jiƙansa da rahama. Degel kuwa tana nan a ƙaramar hukumar Gwadabawa ta Jihar Sakkwato, kuma kabarin mahaifinsa Muhammadu Fodiyo yana can.